Furen da na ɗebo daga Gaya

Komai na zamanmu a wani ƙauye kusa da Dogarawa zai iya ɓace mini, amma ban da abin da ya faru a kakarmu ta biyu. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne aka turo maigidana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, aka ba mu gidan da bayansa ya gangara har bakin tabki.

Ni kuwa akwai son shuke-shuke. Na kewaye gangaren da lalle, na dasa lemun tsami da zogale, na jera duwatsu har bakin ruwa. Da na je biki Gaya, sai na ga wani tsiro mai kama da kainuwa yana yawo bisa kogi, da furensa shuɗi gwanin kyau. Na ɗebo shi a bokiti, na zo na zuba a wani gurbi da na haƙa gefen duwatsun. Wani dattijo mai garka, wato lambu, kusa da mu ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, wanga haki ba na ƙasarmu ba ne." Na yi dariya na ce, "Ado ne kawai, Baba." Har yau in na tuna dariyar nan sai kunya ta kama ni.

Damina ta yi ƙarfi, tabki ya cika ya haɗe da gurbina. Kafin a gama girbin hatsi, tsiron ya rufe kusan rabin ruwan. Masu garka suka rasa inda za su tsoma guga, dabbobi suka rasa mashaya. Sai magana ta tashi wai Fulanin da suka sauka gabas da gari ne suka kawo shi a kofaton shanunsu, har aka sa ranar taron hana su ruwa.

Na ce zan je in faɗi gaskiya. Maigidana ya ce, "Mu baƙi ne, ki ja bakinki." Dattijon nan kuwa kullum sai ya gaishe ni, bai taɓa tada zancen ba, kuma shirun nasa ya fi mini zagi ciwo. Ranar taron na yafa mayafi na nufi ƙofar maigari. Na durƙusa daga gefe na ce, "Ranka ya daɗe, ni na kawo shi. Ba ruwan shanu."

Sai maigari ya ce, "To, kin rage muna aiki. Gobe gayya." Mako uku muka yi, manoma da makiyaya, muna janyo tsiron tudu, in ya bushe a cinna masa wuta. Wata Bafulatana da muke ja tare ta dube ni ta ce, "Da kin yi shiru, da yanzu muna hanya da jarirai a baya."

Tun ranar na san ruwa bai san iyakar gidan kowa ba. Kuma kuskure, komai girmansa, jama'a na iya taya ka ɗauka, muddin ba ka bari an ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.