Ranar da Baba Ya Sha Sifaniyanci

Shekarun baya can, muna sabon shiga 'yancin kai, aka zaɓe ni cikin samarin Tamale da gwamnati za ta tura waje karatun likitan dabbobi. Da yake da Sifaniyanci za a yi karatun, sharaɗin shi ne in ci jarrabawar harshen a Ankara, babban birnin ƙasarmu. Mahaifina, malami ne a unguwar Bulpiela, ya yarda da ƙyar, shi ma da nasa sharaɗin: "Kada ka kuskura ka haɗa karatun Nasara da na Allah. Ranar da ka haɗa, tafiya ta mutu."

Wani likita Bature ke koya mana. Komai ya shiga kaina, ban da jujjuya aikatau irin na "da a ce". Hablara, hablaras, habláramos... wallahi kamar ina zuba ruwa a kwando. Ni kuwa ban iya hadda ba sai a allo. Sai na ɗauko tsohon allona, na rubuta abin da ajami, ina bi da karin tilawa a bayan ɗaki. Wai ni mai dabara!

Ana nan zazzaɓi ya kwantar da Baba. Na dawo da la'asar, na tarar da allon a jingine, fari fat, yana ɗigar ruwa. Mahaifiyata tana ta murna: "Allah ya yi maka albarka! Na ga ka yi ma babanka rubutu, na wanke na ba shi, ya shanye."

Kafin in buɗe baki, Baba ya kira ni daga ɗaki.

"Wace aya ka rubuta mini?"

Na durƙusa. Na san in na faɗi gaskiya tafiya ta tafi, in na yi ƙarya na yi wa Alƙur'ani ƙarya.

"Baba, ba aya ba ce."

"Karanta."

Na karanta da ka, har zuwa hablaran. Ya ce me yake nufi. Na ce, "Da na yi magana, da ka yi magana, da mun yi magana..."

"Ba sunan wani abin bauta a ciki?"

"Babu, Baba."

"Kawo allon. Fita."

Ya warke, amma bai ƙara ce mini uffan ba. Na je Ankara na ci jarrabawa, na dawo, shiru. Na haɗa akwati ban san ko zan tafi ba.

Safiyar da lori zai tashi, ya fito da allon nan, ya cika shi da addu'ar matafiyi da hannunsa. Ya wanke a ƙwarya, ya miƙo mini.

"Na sha naka. Sha nawa."

Na sha ina kuka. Ban sake ganinsa ba, ya rasu ina can. Sifaniyancin ya zube mini yanzu, amma har yau in na ce hablara, ɗacin tawadar nan nake ji a harshena.