Kujerar Bakin Taga

Malam Wato ɗalibai suke kiransa, don ba ya iya karanta baiti ɗaya bai ce "wato" sau uku ba. Shekara talatin ya yi yana koyar da waƙa a sakandare, in ka ba shi layi biyu sai ya haƙa maka rijiya a ciki. Wannan labarin ma shi yake bayarwa da bakinsa, yana yi yana dafe goshi.

Tun yana sabon malami matarsa ke buga masa takardun darasi a keken rubutu, don rubutun hannunsa ko shi sai ya yi da gaske yake karantawa. Wata rana ya tsinci 'yar waƙa a tsakiyar takardun, babu suna:

Kujerar bakin taga ba kowa,
Shayi ya huce, na sake dafawa,
Maɓallin riga na mayar da shi,
Mai rigar bai san ya yi faɗuwa.

Ya ɗauka daga tarkacen malamin da ya gada ta fito. Shi ke nan, ya samu gona. Wato kujerar nan mutuwa ce, mai rigar ya riga mu gidan gaskiya. Wato shayin rayuwa ce mai hucewa. Maɓallin kuwa ya sha wahala: bana ya zama amana, baɗi ya zama ƙuruciya. Sai ya dawo gida da yamma yana hura hanci, ya ce, "Yau sai da na sa aji kuka." Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ɗauke shayin da ya huce ta koma kicin.

Da ritaya ta matso, ya rubuta sharhi shafi arba'in a kan layi huɗun nan, abin da yake so a tuna shi da shi. Mai buga littattafai ya ce ba zai buga ba sai da sunan mawaƙin. Malam ya bi ɗakunan karatu, ya aika wa manyan masana wasiƙu, ya ƙare takalmi guda. Mutumin da kullum yake gaya wa yara matambayi ba ya ɓata, ya tambayi kowa ban da wadda ta buga takardar.

Wata Asabar da hantsi tana buga masa shafin ƙarshe, sai ƙarar keken ta tsaya.

"Malam, nan fa akwai gyara. Mai rigar bai mutu ba."

"To ina yake?"

"Yana wancan ɗakin, yana jan biro a takardun yara."

Ya fara dariya, sai idonsa ya faɗa kan kujerar bakin tagarsu, wadda ya jibge wa littattafai har ba a ganin mazauninta. Dariyar ta maƙale.

"Maman 'Yan Biyu, ke ce?"

"Shekararmu biyu da aure a lokacin. Na ga magana ba ta shiga kunnenka, na ce bari in biyo ta inda kake ji."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaye ni? Kuma bayanin naka da daɗi. Ni ban san maɓallina ya kai haka ba."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce "wato", ya jira, babu abin da ya biyo baya. Can ya miƙa hannu zai yaga takardun, ta dafe su.

"Bar su, na sa sunana a sama. Ai ba ƙarya ka yi ba. Wanda ake jira shekara talatin, da shi da mamaci bambancin kaɗan ne."

Ya kwashe littattafan nan daga kan kujerar ɗaya bayan ɗaya, ya zauna. Ta kawo shayi. Ya kurɓa da zafinsa har ya ƙona harshe.