Baba Dele da Maɓallin Jitata

Idan ka shiga Sabon Gari ta wajen tashar jirgin ƙasa ka tambayi Baba Dele mai rediyo, ko mai sayar da rake zai nuna maka. Sunansa Bamidele. A nan aka haife shi. Ubansa ya zo daga Ogbomosho yana aikin wayar jirgi, shi kuma ya tashi cikin guntayen waya da ƙaurin dalma. Hausarsa ta fi tawa, ni da aka haifa a Wusasa. Shekara arba'in da ɗoriya yana cikin shagon nan da bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Ya gyara rediyo, ya gyara kaset, da kaset ya mutu ya koma kan talabijin da lasifikar coci da ta masallaci. Shi kansa bai iya kaɗa komai ba, ko tafi ya yi sai ya saɓa da na jama'a.

Ni ne Shekari, malamin firamare a Samaru, kuma shekara ashirin da shida ni ke kaɗa jita mai lantarki a cocinmu. Shekara biyu da suka wuce na faɗi a kan acaɓa a Kwangila. Na warke, godiya ga Ubangiji, sai dai ƙaramin yatsana na dama ya sandare, ba ya lanƙwasuwa, ko allura ka soka ba na ji. Na ce ai da wannan ba a kiɗa, na ɗauki jitata na koma bakin aiki.

Daga nan jitar ta fara ci mini mutunci. Mu fara waƙa lafiya lau, kafin a kai baiti na uku muryarta ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke ɗif. Ga ni tsaye gaban jama'a ina ta karta kamar mai kankare tukunya. Masu gyara uku na kai wa a Samaru. Kowanne ya ɗora ta kan tebur, ya buɗe, ya canza maɓallin da ake murɗawa a ƙara murya, ya gwada, ya ce ta yi garau. Ranar Lahadi kuma ta maimaita, har ma abin ya fi na da. Na ƙarshensu kam na gaya masa maganar da ba ta dace da dattijon coci ba.

Sati biyu kafin Ista, Martins shugaban mawaƙanmu ya ja ni gefe, yana sosa ƙeya, ya ce jitar ta tsufa, bayan Ista a bar ta ta huta, mai kibod zai riƙe wurin. Ni ba yaro ba ne. In jita ta huta, mai jita ma ya huta ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro, don ban san wane ne ni ranar Lahadi ba in babu ita a wuyana.

Matata Salome ce ta ce in gwada Baba Dele, shi ya gyara rediyon mahaifinta. Na hau mota da rana tsaka ina ƙunƙuni.

Na miƙa masa jitar, ya ƙi karɓa. Ashe haka yake aiki: ba ya buɗe kayan kowa sai ya ga yadda mai kayan ke amfani da shi. Ya jona ta da wata tsohuwar lasifika, ya ce in kaɗa yadda nake yi a coci, a tsaye, da ƙarfina. Na ce ni gyara na kawo, ban zo wasa ba. Ya ce to ga hanya nan. Haka na tsaya a bakin shago ina waƙar Ista, masu ɗinki na maƙwabta suna leƙe. Shi ko kallon jitar bai yi ba, hannuna ya zuba wa ido. A baiti na uku murya ta ɗauke, na ce yawwa, ka ji ko?

"Malam Shekari, jitarka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Yatsanka ne."

Ya nuna mini. Maɓallin muryar yana dab da tsirkiya ta ƙasa. Duk bugun da na yi, sandararren yatsan nan sai ya goge shi, ya murɗa shi kaɗan, ni kuwa ban ji. Sababbin da aka yi ta sa mini sun fi tsohon laushi, shi ya sa abin ya ƙaru. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi. Na fara naɗe wayata ina cewa ban zo asibiti ba.

"Zauna," ya ce. "Yatsa ba aikina ba ne. Amma maɓalli, ni nake gaya masa inda zai zauna."

Na zauna. Ya kwance farantin robar da ke fuskar jitar, ya kifa shi, ga wayoyi ja da fari da baƙi. Maɓallai uku ne a jere: na murya a sama, sai biyu masu sa sauti ya yi kauri ko siriri. Ya tambaye ni yaushe rabona da taɓa biyun nan. Na ce ban tuna ba. Sai ya cire ɗaya, ya haɗa aikinsu a kan guda, ya sauko da na murya can ramin ƙarshe inda yatsana ba ya kaiwa. Wayar ta gaza, ya ƙara mata tsawo, ya ɗiga dalma, hannunsa ko rawa ba ya yi duk da tsufa. Ya yanko ɗan zobe daga tsohon tiyub ɗin keke ya sa a ƙarƙashin maɓallin don ya yi tauri. Ramin da ya rage ya toshe shi da farin murfin kwalbar magani. Yana aikin yana ba ni labarin yadda ubansa ke bin layin dogo da ƙafa har Gimi neman inda waya ta tsinke. Da ya gama ya sa na kaɗa waƙar sau uku cur kafin ya sallame ni.

Ranar Ista na kaɗa tun daga waƙar shiga har ta baiko, wato lokacin ba da sadaka, murya ba ta motsa ba. Ina kiɗa hawaye na zubo mini, ban kuma damu da wanda ya gani ba. Bayan sujada Martins ya zo da murna yana cewa a ƙarshe dai an gyara jita. Na yi ta maza, na ɗaga yatsan a gaban mawaƙa duka, na ce jitar ba ta taɓa lalacewa ba, ga mai laifin nan.

Babu wanda ya yi mamaki. Martins ya sunkuyar da kai.

"Baba, mun sani tun bara. Muna gani daga inda muke tsaye a bayanka. Wa zai iya gaya maka?"

Ashe duk lokacin da muryata ta ɗauke, mai kibod ke rufa mini asiri, sauran su ƙara murya. Shekara guda suna ɗauke da ni, suna tsoron bakina. Na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya a nan inda muke tsaye. Mutumin da ya faɗa mini gaskiya kuwa bai san ni ba, bai kuma ji tsorona ba, ya faɗa sannan ya ɗauki dalma. Allah ya ƙara wa Baba Dele lafiya da ƙarfin ido. Har yau ni ke kaɗa jita a cocinmu.