Hancin Firmin

Shekara talatin da huɗu Firmin Van Nuffel ya yi yana raba wasiƙu a garin Aalst, a kan keke, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, amma da za ka tare mutanen unguwar ka tambaye su kamanninsa, da ƙyar bakin mutum biyu zai zo ɗaya. Jakar wasiƙun kawai suka sani. Matarsa Magda ma, ranar da ta gaji ta tattara nata ya nata ta koma Ostend, cewa ta yi wa ƙawayenta zama da Firmin da zama da kabad duk ɗaya ne, sai dai kabad ba ya minshari. Kuma ba ta yi masa ƙarya ba. Mutum ne marar labari, irin wanda da ya buɗe baki sai ka ga kowa ya tuna yana da waya a aljihu.

Abu ɗaya Allah ya ba shi, hanci. Kakansa manomin furen nan ne mai ɗaci da ake zuba wa giya, kuma a rumfar da ake shanya furen Firmin ya yi rarrafe. Kafin ya kai shekara ashirin, in ya shinshina kofi sai ya gaya maka wace giya ce, a wane gari aka dafa ta, har da ko gangar da ta kwana a ciki tsohuwa ce. A gidan waya wannan baiwa ba ta ƙara masa ko sisi ba. Sai da ya yi ritaya ta yi masa rana, lokacin da Gust, wani tsohon mahauci mai ƙaton ciki da ƙaton baki, ya ji labarinsa ya jawo shi cikin tawagarsu.

Su uku ne da ma: Gust, da matarsa Marleen, da Ludo, tsohon malamin makaranta wanda bai taɓa yin dariya ba sai ya ga Gust ya fara. Duk bayan wata biyu, ranar Asabar, sukan hau jirgin ƙasa su tafi wani birni, su ci abincin rana, su zaga mashaya biyu ko uku na masu dafa giyarsu da kansu, su dawo kafin duhu. Da Firmin ya shigo sai aka samu sabon wasa. Marleen ta ɗaure masa ido da ɗankwalin wuyanta, Gust ya miƙa masa kofi, teburin ya yi tsit. Firmin ya shaƙa, ya kurɓa, ya faɗi suna. In ya faɗa, har mutanen teburin gefe sai sun tafa. Farfesa suke ce masa. A duk tsawon rayuwarsa, nan ne kaɗai wurin da mutum uku suka taɓa yin shiru suna jiran abin da zai ce, kuma Firmin ya riƙe wannan kujera hannu bibbiyu. Tun ranar Litinin yake goge takalmin Asabar.

Sai wata shekara da sanyi mura ta kwantar da shi sati uku. Ranar da ya tashi ya haɗa gahawa, ya kai hanci, bai ji komai ba. Ya buɗe kwalbar turare, shiru. Ya sunkuya a kan kwandon shara, nan ma shiru. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma ba zai dawo ba, ya rubuta masa maganin feshi ya kira na bayansa. Firmin ya fito ya zauna a kan bencin jiran bas ya yi kuka kamar yaro, domin ya san abin da aka ɗauke masa ya fi hanci.

Bai gaya wa kowa ba. Wawa ne a abubuwa da yawa, amma a nan ya yi dabara. A ƙasar nan kowace giya da kofinta, kuma mai mashaya ya gwammace ya ce maka giyar ta ƙare da ya zuba ta a kofin wata. Akwai mai faɗin baki da gajeren wuya, akwai mai ciki kamar tulu, akwai dogo siriri, akwai mai kauri da gefe-gefe. Yatsun da suka shekara talatin suna tantance ambulan a cikin jaka ba za su kasa tantance gilashi ba. Harshe kuma yana nan, ya san zaƙi, ya san tsami, ya san ɗaci. Da an miƙa masa kofi sai ya shafa wuyansa, ya zagaya bakinsa da babban yatsa, ya ja dogon numfashin banza, sannan ya faɗi suna, ya ɗora da bayanin ƙamshin da ya haddace tun yana saurayi. Aka ci gaba da tafi. Har ma ya lura dariyar ta fi ta baya yawa, ya ɗauka murna ce. Sabo turken wawa.

Shekara ɗaya da rabi a haka, sai Gust ya ce a watan Afrilu a tsallaka iyaka, a je Utrecht a ga abin da 'yan Holan suke kira giya.

Sun sauka da hantsi. Suka ci soyayyen dankali a tsaye a bakin ruwa, Gust yana kushe man da aka soya shi da shi, sannan suka gangara wata mashaya da ke ƙarƙashin titi, mai farin fenti da dogayen tebura. Tun daga ƙofa gaban Firmin ya faɗi. A kowane tebur akwai ɗan katako mai ramuka biyar, a kowane rami ɗan ƙaramin kofi, kuma kofunan nan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Arna marasa tarbiyya, in ji shi a ransa, duk giyar duniya a kofi iri ɗaya kamar maganin tari.

"Yau cikina ba daɗi," ya ce. "Ku sha kawai, ni a ba ni ruwa."

"Wane irin ciki?" in ji Gust. "Yanzu ka gama narkar da dankali kamar ka shekara ba ka ci ba. Zauna, Farfesa, tun daga Aalst muka ɗauko hancin nan, ba za mu mayar da shi a nannaɗe ba."

Gust ya ɗaga murya ya yi oda, a jere, kowa na ji: mai zuma, mai lemo, mai alkama, mai gahawa, mai hayaƙi. Firmin ya maimaita jerin a ransa sau uku, ya ɗan samu natsuwa. Daga hagu zuwa dama za a miƙo, haka kowane mai hankali yake yi. Marleen ta ɗaure masa ido, ta ja ƙullin da ƙarfi. Ya ji Gust yana kiran mai wurin, wani mai gemu da ke dafa giyar da hannunsa.

"Maigida, zo ka ga abin da ba ku da shi a ƙasarku. Wannan bawan Allah da kake gani, hancinsa ya fi na karen 'yan sanda. Zai gaya maka abin da ka zuba a tukunya, har da wanda ka manta."

Aka danƙa masa kofi. Yatsunsa suka shafa, ba su samo komai ba. Ya shaƙa, ya kurɓa. Akwai ɗan zaƙi can ƙasa, da ɗaci kaɗan. Na farko ne, ai ba sai an tambaya ba.

"Zuma," ya ce, da muryar nan tasa ta limamai. "Zumar furen daji, ba ta kanti ba. Ƙamshinta a hankali yake tasowa, mai laushi, kamar ciyawar da aka yanka da safe. Sannu da aiki, maigida."

Ba a tafa ba. Abin da ya ji shi ne wani ɗan sauti daga wajen Ludo, irin na wanda ya toshe baki da hannu.

"Yallaɓai," in ji mai wurin a hankali, "wannan mai hayaƙi ce. Kwana biyu muna turara hatsinta da itace. Matar da ke teburin can ma ta juyo saboda warin banda."

Nan fa teburin ya fashe. Gust yana dukan katako har kofuna na rawa, Marleen tana riƙe da cikinta, Ludo yana tari. Firmin ya zame ɗankwalin daga idonsa. Abin da ya fara gani shi ne wayar Ludo, a ɗage, tana kallonsa. Mai wurin ya ja baya ya koma bakin aikinsa, don shi kaɗai ne a wajen da ya ji kunya.

"Mura ce," in ji Firmin. "Jiya ta kama ni."

"Jiya!" Gust ya share hawaye. "Marleen, kin ji, wai jiya. Haba mutumina, tun bara a Ghent muka sani. Ka tuna kofin nan mai gajeren wuya, na giyar da ake dafawa a gidan masu ibada? Na roƙi mai mashayar, abokina ne, ya zuba maka giyar gwangwani ta kanti a ciki, irin wadda 'yan ƙwallo ke sha a tsaye. Minti biyar ka yi kana mana wa'azi a kanta. Har da cewa kana jin ƙamshin tsohuwar ganga!"

"Tun daga ranar ba mu sake ba ka giya a kofinta ba," in ji Ludo. "Bruges, Namur, Leuven. Duk suna nan, na ajiye." Ya juyo da fuskar wayar. Ga Firmin nan, ido a ɗaure, hanci a sama, yana shafa gilashi kamar makaho a kasuwa, a bayansa kuma Marleen tana cizon hannun rigarta.

"Kada ka ɓata rai," Marleen ta ce, tana ninke ɗankwalinta. "Ai don tausayi muka yi shiru. In ba wannan ba, me kake da shi?"

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Tambaya ce ta tsakani da Allah.

Aka kawo cuku da soyayyun dunƙulen nama. Gust ya cika baki, ya yi magana a haka. "In gaya maka gaskiya, Farfesa, da can ka fara isar mu. Kullum daidai, kullum daidai, mu kuma mu yi ta tafi kamar 'yan makaranta. Har na ce wa Ludo mu daina kiranka. Amma yanzu, wallahi ko ba giya in dai kana nan tafiya ta biya."

Firmin ya miƙe. Ya ɗauko kwat ɗinsa daga jikin ƙusa. Tasha ba nisa, tafiyar minti goma ce, kuma ya san hanya. Ya sa hannu ɗaya a cikin kwat ɗin, yana jan lokaci, ko wani zai ce ya zauna. Ba wanda ya ce. Marleen tana neman gishiri, Ludo yana sake kallon hoton Namur. Sai ya hango Asabar ɗin da ke jiransa: ɗakinsa a hawa na uku, rediyo, miyar gwangwanin da ba ya jin ƙamshinta, da wayar da ba ta ƙara sai kamfanin wuta na nemansa. Ya hango ta bayanta, da ta bayan wannan, har ranar da maƙwabta za su ji warin da shi ba zai ji ba su kira 'yan sanda.

"Af, Ludo," in ji Gust, ko ɗago kai bai yi ba, "tafiyar Lille ta watan Yuni, yau ya kamata ka kama mana tebur. Kujera uku za ka ce ko huɗu?"

Ludo ya dubi Gust, Gust ya dubi cuku. Firmin yana tsaye, hannu ɗaya a cikin kwat, ɗaya a waje.

"Huɗu," ya ce.

Ya mayar da kwat ɗin jikin ƙusa, ya dawo ya ja kujerarsa. Saura kofi huɗu a kan katako, kumfarsu ta fara kwanciya.

"Ɗan dakata, Farfesa," in ji Ludo. "Bari in gyara wayar, haske bai yi ba ta nan."

Firmin ya matsa kusa da taga.