Ranar da Aka Ɗaure Guduma

Guduma direban motar nama ne, kuma duk wanda ya taɓa shan naushinsa ba ya tambayar inda ya samo laƙabin. Aikinsa ɗaya ne: da zarar mahauta sun gama fiɗa, a loda masa cinyoyi da haƙarƙari a bayan farar motar, ya rarraba wa masu teburan nama a kasuwanni kafin rana ta yi zafi. Firjin motar ya mutu tun ba yau ba, mai motar kuwa kullum sai ya ce gobe. Saboda haka ƙafar Guduma ce firjin. In ya taka totur, nama ya isa da jansa. In ya yi sanyin ƙafa, ya isa ƙudaje na yi masa rakiya.

A bayan mayanka aka haife shi. Ubansa mahauci ne, mutumin da ba ya faɗin magana sau biyu, ta biyun sai dai ka ji ta a ƙeya. Yayansa ya gaji wuƙar, har ya zama shi ne babba a cikin mahautan wurin. Shi kuwa Guduma hannunsa ya ƙi fiɗa, duk fatar da ya taɓa sai ya huda ta. Ya sha duka a kan haka har ya gaji, ya gudu ya koyi tuƙi. Lasin nan da ke aljihunsa shi ne abu ɗaya tak a duniya da ya samu ba ta hannun uba ko wa ba, kuma da shi yake ciyar da mace da 'ya'ya.

Abin da bai bari a gidan ubansa ba shi ne saurin hannu. A mayanka haka ake shari'a: wanda ya riga cin kwalar wani shi ne mai gaskiya, wanda ya yi shiru ya amsa laifi ke nan. Guduma bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana a kansa ba. Ya fasa wa mai faci baki saboda taya. Ya jefa wani ɗan dako cikin kwatar jini. Mai wasa wuƙaƙen mayankar ma, tun ranar da Guduma ya zubar masa da haƙoran gaba kowa ke kiransa Giɓi.

To, wata safiya a kan gangaren da ke kaiwa babbar kasuwa, wani jami'in hanya ya tsayar da shi, ya nuna masa na'urar auna gudu, ya rubuta takarda. Gudun ya wuce na biyan tara kawai, in ji shi, sai gaban alƙali, kuma alƙali na iya karɓe lasin. Abin da ya ceci haƙoran jami'in shi ne ta taga ya miƙo takardar, ya juya kafin Guduma ya buɗe ƙofa.

Guduma bai taɓa taka kotu ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin mai hana cin abinci. Matarsa ta wanke masa farar riga, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa, sannan ta tsaya tana kallon hannuwansa.

"Baban yara, ni ba gudun ne ke damuna ba," ta ce. "An ce a can mutum zai tashi ya yi ta faɗin laifinka, kai kuma ba ka da bakin magana sai an ba ka. Kai da ko 'ya'yanka ba ka bari su gama kai ƙara?"

Da maganar ta kai kunnen Yaya, sai ya yi mata irin tunanin da ya iya. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana kayar da shanu, kuma a wurinsa maganin mai tunkuyi ɗaya ne.

"Sa mai faɗa ba a lallashinsa," ya ce. "Ɗaure shi ake yi a turke, ya yi ta fizga har ya gane igiya ta fi shi. Gobe in an wanke wuri za mu yi maka kotu a nan. Ka ji zagi hannunka a ɗaure, jibi in ka ji shi a can ba zai zame maka baƙo ba."

Da wani mai hankali ne, da ya yi dariya. Guduma cewa ya yi, "To, Yaya."

Washegari da la'asar, ana gama kwarara ruwa a daɓen siminti, Yaya ya hau kan kututturen saran ƙashi, shi ne alƙali. Aka juya hannuwan Guduma baya, aka zarge wuyan hannun da igiyar kayar da shanu, aka ɗaure a ƙarfen da ake turke su. Ɗaurin mahauta ne, wanda in dabba ta ja sai ya ƙara shaƙewa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa ƙafar sa daban take da hannun mutum. Aka ce wa zai zama jami'i, Giɓi ya ajiye dutsen washinsa ya ce shi.

Da farko wasa ne. Giɓi ya ɗaga wani ƙashi a matsayin na'ura, ya ce ranka ya daɗe wannan mutumin ya wuce shi kamar aljani, aka kwashe da dariya. Guduma ya cije leɓe. Sai Giɓi ya matso, har numfashinsa na bugun fuskar Guduma.

"Ranka ya daɗe, wannan ko fata bai iya cirewa ba. Ubansa da kansa ya ce asarar haihuwa ce."

Guduma ya fizga, ƙarfen ya yi ƙara, igiyar ta nutse cikin nama.

"Shiru a kotu!" in ji Yaya. "Ci gaba, jami'i."

Giɓi ya dubi hannuwan nan da ke ɗaure. Ya taɓa dasashinsa da harshe. Sannan ya ɗauke Guduma da mari, marin da aka ji amonsa har rumfar fatu.

Da Yaya ya ce ya isa, da an tsaya a nan. Amma shi a ganinsa magani ne ya fara ci, sai ya gyara zama ya ce, "Akwai wani mai shaida?"

Ashe shaidu sun yi yawa. Ɗan dakon nan da ya taɓa wanka a kwata ya fito ya zuba masa naushi a ciki. Wani mai wankin hanji ya watsa masa bokitin ruwan tumbi a fuska. Wanda Guduma ya taɓa ture wa keke ya zo, wanda ya taɓa shaƙe wa wuya ya zo, har wanda bai taɓa yi wa komai ba ya zo ya sa nasa hannun don kada a bar shi a baya. Guduma na ruri, yana harbi da ƙafa, yana jan igiya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Jini ya biyo yatsunsa yana ɗiga a simintin da aka wanke yanzun nan. Ya ji wani abu ya tsinke a wuyan hannunsa na dama, zafi ya harba har kafaɗa, daga nan kuma bai ƙara jin hannun ba.

A lokacin ne ya daina ja. Ya sunkuyar da kai, Giɓi ya ƙara masa wani marin, ko motsi bai yi ba.

"Madalla," in ji Yaya, yana saukowa da fara'arsa. "Kun gani? Ya horu."

Sai da wuƙa aka yanke igiyar, don ƙullin ya ƙi kwantuwa.

Da safe matarsa ta sa masa farar rigar tana kuka, ta ja hannun rigar ta rufe tsumman da ta naɗa masa. Yaya ne ya tuƙa motar zuwa kotu, yana ta jaddada masa: in an zage ka, ka tuna igiya.

Ɗakin kotun ƙarami ne, da bencuna da fanka mai ƙara, cike da direbobi kowa riƙe da takardarsa. Guduma ya zauna yana jiran zagi. Aka kira shi, ya miƙe. Jami'in da ya tsayar da shi ma bai zo ba. Alƙalin, wata mace mai tabarau da ko ɗago kai ba ta yi ba, ta tambaye shi ko ya amsa laifinsa. Ya ce ya amsa. Ta tambaya ko wannan ne karon farko. Ya ce shi ne. Ta ce ya biya tara a taga ta gaba, ya riƙe lasinsa, ya kuma rage gudu. Kafin ya haɗiye yawu an kira na bayansa.

A waje Yaya ya daki kafaɗarsa yana dariya. "Ba na gaya maka ba? Da ba mu yi maka aiki ba, da yanzu kana tsare a bayan kanta. Hau ka ja mu, nama na jira."

Ya jefa masa makulli. Guduma ya kai hannun dama zai cafe, makullin ya bugi tafinsa ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka da hagu, ya shiga ya zauna a kujerar da ya fi sani a duniya, ya zira shi a mazauninsa. Ya ɗora yatsun dama a kai ya ce su murɗa. Suna nan a lanƙwashe, sun kumbura sun yi baƙi, kamar na wani. Ya sake gwadawa har gumi ya keto masa.

"Kai, me kake jira ne?" in ji Yaya.

Guduma ya kama hannun da na hagu, ya ɗaga shi ya ɗora a kan sitiyari. Da ya saki, hannun ya zame ya faɗo kan cinyarsa.