Mai Shara

Ranar Talatar nan, ƙarfe bakwai na safe, Auta ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, inda na sha hana ta. Ta ce in zo in yi aikin injiniya, kamar yadda take tsokanata kullum. Na buga mata layin nan guda da ta koya mini. Kafin ruwan shayi ya tafasa, fayiloli sun cika allon.

Aikinta ke nan a kamfanin da ke gina shafukan intanet. Ta saita manhajar da ke harhaɗa aiki yadda umarni ɗaya zai fitar da duk fayilolin da manhajar rubutunsu ke buƙata. Kowace yamma sai ta goge su, da safe ta sake fitarwa, don ta tabbatar saitin bai lalace ba. A ofis suna kiranta Mai Shara. Su kuwa kowa da hannu yake lallaɓa nasa kamar mai facin taya, ranar da ya fashe a nemo ta.

Ƙarfe tara ta tafi. Da rana ta kira, wai kada in sha magani ban ci abinci ba. Ƙarfe biyar ta yi shararta, ta hau mota. Motar ba ta iso ba.

Kwamfutar ta tsira daga hatsarin a jaka, ko ƙwarzane babu.

Manajanta ya zo ta'aziyya da wani mai gilashi. Bakinsa na addu'a, idonsa na kan jakar. Suka buɗe kwamfutar a falona, gaban 'yan'uwana. Mai gilashi ya leƙa, ya ce wayam. Manaja ya sassauta murya irin ta masu tausayi, ya ce ba ya son zargin mamaci, amma da alama yarinyar ta goge aikin kamfani.

Shekaru tana zaune a bakin ƙofar ofishinsa, bai taɓa tambayar me take sharewa ba.

Na ce, "Ɗana, miƙo ta nan."

Na buga layin da yatsa ɗaya. Allon ya cika.

Manaja ya ce, "Ai Mama, dama mun san ba halinta ba ne."

Kwamfutar tasu ce, suka tafi da abarsu. Takalmanta na ba 'yar ƙanwata, littattafanta na kai makarantar da ta gama. Akwai kofin da suka ba ta a ofis, an rubuta Mai Shara a jiki. Na wanke shi, na sa a kwali, na aika wa manaja.