Tankin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Inna

Kusan damina guda mahaifiyata ta yi tana zama a kan fetur, ga wayar wuta tsirara kwance a bakinsa, ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Motar tsohuwar fijo ce, fara, fentinta ya fara komawa ruwan ƙasa. Na saye ta a hannun wani dillali a nan Daura, a shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu. Sana'ata saye da sayar da dabbobi, kuma babur ya ishe ni zagayen kasuwanni, daga Mai'aduwa har Mashi. Don Inna na saye ta. Gwiwoyinta sun ƙi, hawa babur ya gagare ta, ga danginta duk suna Babban Mutum, inda ba a rasa suna ko ta'aziyya. Ni da nake buɗe bakin bijimi in faɗa maka shekarunsa, ranar sayen mota zagaya ta kawai na yi, na bubbuga taya da ƙafa yadda na ga ana yi, na ce ta yi.

Da wari ta fara. In na cika mata ciki, rana kuma ta take, sai warin fetur ya cika motar har ido ya yi yaji. Na kai ta gareji aka sake tiyo. Na koma aka wanke kafireta. Da na sake komawa, mai garejin ya leƙa ƙarƙashinta, ya nuna mini ƙasa a bushe ƙamas, ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota ce fa. Ka taɓa ganin tsohon da ba ya tari?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, aka ba ni alhazanci aka hana ni gyara. Na haɗiye fushina na tafi.

Laifinta na biyu ya fi ban haushi. Ni kaɗai in je Mashi in dawo, lafiya lau. Amma Inna na shiga ta zauna a wurinta, baya ta hannun dama, kafin mu fita gari, ina taka birki sai allurorin gaban motar su kwanta, sigina ta ɗauke, waifa ta tsaya cik ko da ana tsuga ruwa. Fiyus ya ƙone ke nan. Maƙwabta suka samu abin yi, suna cewa motar ce ba ta jituwa da Inna. Ita kuwa sai ta ce, "Ita ta sani. Na dai riga ta zuwa duniya." Wani mai gyaran wutar mota da ya gaji da ganin fuskata ya cire fiyus ɗin gaba ɗaya, ya naɗa wata waya mai kauri a gurbinsa, ya ce wannan ko giwa ce ta zauna ba zai ƙone ba. Bai ƙone ba kuwa, har godiya na yi masa.

Shi kuwa wari, Inna ta samo masa maganinsa irin na mata. Duk ranar da za mu fita, sai ta ɗebo garwashi a kaskonta, ta barbaɗa turaren wuta, ta fito tana dogara sanda, ta buɗe ƙofofin motar, ta ajiye kaskon a inda take sa ƙafa, ta koma ta ƙarasa shiri. Tunda masu gyara sun ce babu inda mai ke zuba, ban ga aibun abin ba. Motata ce kaɗai a duk kasuwar dabbobi take ƙamshin ɗakin tsohuwa.

Wata rana muna dawowa daga Babban Mutum na ji wani sabon wari ya shigo cikin na da, irin na roba idan ta ji wuta. Sai Inna ta gyara zama ta ce, "Kai, yau kujerar nan da ɗumi take, kamar gadon mai jego. Har bayana ya saki." Ita daɗi ta ji, ni kuwa gabana ya faɗi. Na lallaɓa muka iso gida, na ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, na rantse ba zan sake tayar da ita ba sai na san abin da ke cikinta.

Wani abokin sana'ata ne ya turo mini wani dattijo makaniki. Ya ce dattijon ya daɗe yana gyaran motocin kan iyaka a wajen Kongolam kafin ya dawo gida Daura. Da hantsi ya iso a kan keke, da 'yar jakarsa a rataye, gemunsa fari fat. Na zaci zai buɗe gaban mota yadda kowa ke yi. Sai ya nemi benci ya zauna, ya fara yi mini tambayoyi sai ka ce alƙali. Yaushe warin ya fi ƙarfi, da safe ko da rana? A cike ko in mai ya yi ƙasa? Wutar takan ɗauke a kan kwalta ko a kan burji? Wa ke cikin motar? Ina yake zama? Ni mai gajen haƙuri ne, na ce, "Baba, motar ce ba ta da lafiya, ba ni ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ita ba ta magana, ɗana. In ka cika ta, yaya cinta yake?"

Nan na samu abin alfahari. Na ce ai mai sayar mini da mai ya sha faɗa, bai taɓa ganin fijo mai tumbi irin nata ba, ana zubawa tana sha kamar raƙumi. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya ya daɗe yana kallon bayan motar.

Ya tashi ya buɗe ƙofofi duka don iska ta ratsa. Da ya ga wayar da aka naɗa a gurbin fiyus sai ya yi salati a hankali, ya warware ta. Ya ce fiyus mai gadi ne, aikinsa ya mutu don gida ya tsira, wanda ya yi wannan kuwa ya kori mai gadi ne don yana damunsa da ihu. Ya fito da wani ƙaramin ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya haɗa a gurbin. Ya ce in wuta ta sami hanyar ɓarauniya, ƙwan zai shanye ta ya haska, waya ba za ta yi zafi ba. Ya sa na taka birki, ƙwan ya ɗan yi ja kawai. Ya sa na ɗora dutse a kan birkin na koma wurin Inna na zauna. Ba abin da ya sake. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ba ka da auki. Hajiyar fa?" Na ce Inna kam tubarkalla. Muka shiga zaure muka kinkimo buhun gero muka aza a kujerar. Buhun na sauka, ƙwan ya haska fau, da rana tsaka har yana kashe ido. Muka ɗaga, ya dushe. Muka mayar, ya haska. Abin da ya gagari gareji-gareji, ga shi buhun gero ya faɗa.

Bai taɓa kujerar ba sai da ya cire kan batir. Sannan muka ɗaga ta tare. Soson da ke ƙasanta ya yi nauyi, ya jiƙe, warin da ya taso har sai da na ja da baya. A ƙasa kuwa ban ga komai ba face daben mota, baƙin fenti, sumul. Dattijon ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa a gefe, ƙarar ƙarfe. Ya matsa tsakiya ya ƙwanƙwasa, sai ta amsa da wata irin murya mai zurfi, irin ta randa mai ruwa. Ya ce in kawo masa toka mai sanyi, ta jiya, ya taɓa da hannunsa ya tabbatar, ya barbaɗa a kai. Muna kallo wani siririn layi ya fara yin duhu a cikin tokar, yana tafiya a hankali ta bakin ƙarfen.

"Tanki ne," in ji shi. "Na biyu."

Ya ce motar 'yan ɗaukar mai ce a da, masu tsallakar da shi Nijar ta Kongolam. Sukan kai mota wurin mai walda ya ƙera mata ƙarin ciki, a haɗa shi da na asali da tiyo, ta baki ɗaya ake cika su duka. Da zamani ya juya, wasu wa'azi ya ratsa su, wasu matsi ya kore su, suka sayar da motocin. Masu tsoron Allah sukan cire tankin kafin su sayar. Wasu kuwa mota ta bi hannu da hannu har a rasa wanda ya san da shi.

Duk da tsoron da nake ciki, sai da aikin ya ba ni mamaki. Wanda ya ƙera shi ya bi kowace lanƙwasa ta jikin motar, ba inda ya bar gurbin da yatsa zai shiga. Dattijon ma ya shafa gefensa ya ce, "Wannan hannu ne. Allah Ya ba shi, ya kai inda ya kai." Shekaru ne suka tsaga waldar ta sama, shi ya sa mai ba ya ɗiga ƙasa. In an cika, sai ya tsattsafo, soso ya sha, rana ta mayar da shi wari.

Sannan ya ɗago wata waya da ke kwance a gefen tankin. Ta fitilar birki ce, mai tankin ya kauce da ita ya bi da ita ta kan bakin ƙarfen. Duk zaman da Inna ta yi, kujera na danne ta a wurin, har robarta ta cinye. Tun da aka kori fiyus kuwa, ba abin da ke tsayar da wutar, robar ta narke ta manne, ƙarfen ya yi tabon ƙuna. Tsakanin tabon da layin da ya jiƙa toka bai kai faɗin yatsu biyu ba.

Na ce, "Baba, to me ya hana ta kamawa?"

Mutumin da tun safe duk abin da ya taɓa sai ya faɗa mini dalilinsa, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na ga wadda ba ta kai wannan ba ta cinye mutane. Kuna da sauran shan ruwa ne kawai."

Bai rufe baki ba na ji ƙarar sanda a zaure. Inna ce. Ta ji an buɗe ƙofofin mota, ta ɗauka fita za mu yi, ga ta nan tafe da kaskonta, hayaƙi na tashi. Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba. Kafin in motsa ya tare bakin zaure, ya ware hannuwa, yana cewa, "Hajiya, don girman Allah koma! Koma da wutar nan!" Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah, yau a ƙofar gidana ake korata." Ta juya ciki ranta a ɓace. Dattijon ya jingina da bango yana haki, ya tambaye ni ko ta saba yin haka. Na ce duk fita. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai, yana ta tasbihi.

Aikin ya kai mu la'asar. Ya zuƙe man da tiyo zuwa jarkoki, ya kwance tankin da sifana, bai yarda an kawo guduma kusa ba, balle wutar walda. Ya toshe mahaɗar da ta zo daga tankin asali, ya ɗaure ta tam. Ya ja sabuwar waya ta cikin rigar roba, ya mayar da ita hanyarta ta gefen ƙofa, ya sa fiyus na ƙwarai, muka sake gwadawa da buhun gero, shiru. Tankin ya cika shi da ruwa ya bar shi a rana. Soson kuwa ya ɗauke shi a kan sanda ya kai can tsakiyar fili, nesa da kowa, ya ce in kira Hajiya ta gani don kada ta riƙe shi a zuciya.

Ta fito ba kasko, fuska a ɗaure, ta tsaya a bakin zaure. Na yi mata bayani iya iyawata. Dattijon ya ƙyasta ashana ya jefa daga nesa. Wani irin "bum" ya tashi, harshen wuta ya wuce tsayin mutum, zafinsa ya iso har inda muke, awakin unguwa suka watse. Soson kujera ɗaya ke nan, ba tankin ba.

Inna ta baro bakin zaure. Ta taka a hankali zuwa motar, ta leƙa ramin da tankin ya fito, inda ta saba zama. Na zaci kanta take tunawa. Sai na ga idonta ya bar wurin, ya koma kan kujerar direba, ta miƙa sandarta ta taɓa bayanta, ta ga ko rabin sandar bai shiga tsakanin kujerata da ramin ba.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. In tana nemana sai ta ce "kai", in tana maganata da wani sai ta ce "wancan". Ranar, a gaban baƙo, tana dafe da ƙofar mota, ta kira sunana ƙarara.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce ba komai, so take ta ji na amsa.